Ƙofa Ta Gyaru, Saura Baki

Ina gyaran ƙofar ɗakin babanta ta zo ta tsaya a kaina. Tun ranar da yayanta ya kwaikwayi maganata ya kira ni bagidaje, na daina buɗe baki a gidan. Gyara kawai nake yi in tafi.

"Malam kafinta," ta ce, "Baba ya ce ba zai ba bebe 'yarsa ba."

"Aikina ai ya isa shaida."

"Ƙofa ce za ta gaishe shi a madadinka?"

Na ci gaba da buga ƙusar da ta riga ta shige. "Hausata ta ƙauye ce. Dariya za su yi."

"Bagidaje shi ne wanda yake zaton duniya ta ƙare a bakin layinsu. Haka na gaya wa Yaya." Ta sunkuyar da kai. "Ni da wannan Hausar ka fara yi min magana, kuma ban gudu ba."

Babanta ya yi tari daga ciki. Na ajiye guduma, na goge hannu a riga, na gaishe shi da bakin garinmu, ban gyara ko kalma ɗaya ba.

"Shigo, ɗana," ya ce. "Ashe kana da murya."