Wanne Ne Yaya Sule?

Ina yaro, kakata tana zaune da mu a garin Landover, can ƙasar waje. A ɗakinta akwai tsohon hoton 'yan ƙwallon Zangon Kumasi, samari a jere ba takalmi. Cikinsu akwai yayanta Sule, wanda Turawa suka ɗauka soja zuwa yaƙin Bama. Bai dawo ba, ba a kuma san kabarinsa ba. In za ta yi salla sai ta kife hoton, in ta sallame ta juyo shi, ta ɗora yatsa a fuskarsa ta yi masa addu'a.

Wata rana bayan la'asar na same ta da hoton a cinya. Yatsanta ya sauka kan na gefe, ya tashi, ya koma kan mai riƙe da ƙwallo, ya sake tashi.

Ta ce, "Angona, zo. Kai mai sabon ido, wanne ne Yaya Sule?"

Na ce, "Kaka, ai ke kika san shi."

Ta ce, "Na san gudunsa, ko akuya ba ta tsere masa. Fuskar ce ta ƙi zuwa."

Na juya bayan hoton ko an rubuta sunaye, don lokacin na fara karanta ajami. Babu ko harafi. Duk gidan kuma ba wanda ya taɓa lura da inda take ɗora yatsa.

Har Allah Ya yi mata rasuwa ba ta tuna ba. Yau hoton yana hannuna, ina bin samarin da ido, ban san wanne ne namu ba. Allah Ya jiƙan su duka.