Yajin Desmond

"Na tafi ke nan, Glenys! Shekara talatin ta ishe ni!"

Desmond ya kwance igiya, ya tayar da siririn jirgin ruwan da ya zama gidansu, ya bar matarsa tsaye a gaɓa. Laifinta? Ita ke tuƙi da safe lokacin da wata gajerar gada ta share tukwanen tumatirinsa daga rufin jirgin.

Ya ba injin wuta, ko waiwaye bai yi ba. Awa biyu yana 'yan waƙe-waƙensa, jirgin na tafiyar hawainiya, har agwagi na wuce shi.

Sai ga madatsar ruwa a gabansa, ƙofofinta a rufe, ba hanyar wucewa sai an buɗe su. Ya lalubi ƙarfen da ake murɗa su da shi, babu shi.

"Wannan kake nema, tsoho?"

Glenys ce zaune bisa ƙofar, ƙarfen a cinyarta, tana cin soyayyen dankali.

"Ta ina kika biyo?"

"Da ƙafa mana. Har na tsaya shan shayi." Ta lashe yatsa. "To, wa aka ce ya sauke tumatir kafin gada? Faɗi da ƙarfi, in buɗe maka ka ci gaba da yajinka."