Rawar Hannun Ɗanasabe

Ludayin ya sake kaɗawa, fura ta zubo wa Ɗanasabe a riga.

"Injin fasa dutse na aikin dam ɗin Bakolori ya bar min rawar hannu," ya ce wa tsohuwa mai fura, kamar yadda yake gaya wa kowa.

Daga Tsibiri ya taso har Bakura don binciken asalin Zubairu, mai neman ɗiyarsa. Shi fa ba ya haɗa jini da gidan cuta.

"Inna, gidansu akwai farfaɗiya?"

"Ko ɗaya." Ta ƙura wa hannunsa ido. "Kai ɗan marigayi Manu ne na Tsibiri ko? Haka yake ɓarar min da fura, shi da ƙanwarsa, tun Bakolori tana gonar dawa."

Ɗanasabe, da bai tashi ya ga ubansa ba, ya dubi hannun da ya daɗe yana tsine wa Turawan da suka gina dam ɗin a kansa. Dariya ta kama shi: ya zo farautar cuta, ashe daga gida ya riƙo ta.

Ya rage murya. "Inna, dangin yaron ba su fara nasu binciken ba ko?"

"Tun da safe suka nufi Tsibiri."