Kwanon da Ya Dawo

Kashim na juya taliya cikin madarar kwakwa da dakakkiyar gyaɗa lokacin da budurwarsa Bushra ta yi sallama a gidan yayarsa. A masaukin baƙin wata ƙungiyar raya ƙasa, inda yake aikin kuku, ya koyi girkin nan: taliyar Italiya, miyar Tailan, da jan tattasan gonar mahaifinta ta bakin kogin Komadugu.

Ta ajiye kwanon da ya aika wa mahaifin nata jiya, ba ta zauna ba.

"Baba ya tambayi wadda ta dafa," ta ce, idonta a ƙasa. "Da na ce Yaya Hafsatu ce, da shi ke nan. Ni kuwa alfahari ya sa na ce kai ne."

Ludayin ya tsaya a hannunsa.

"Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga namijin da ke tsugunawa gindin murhu ba."

"To, sai in bar aikin."

"Ya riga ya rantse."

Miya ta fara kamu, bai motsa ba. Kwanon yake kallo.

"Ya dai ci?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Sai da ya suɗe hannu, sannan ya tambaya."