Layi Na Biyu

Sau uku ke nan Yatsa-Biyu yana kai hannu zai kunna kwamfuta yana janyewa. Ya tashi ya gyara labule, ya dawo ya zauna, ya sake tashi ya daidaita takardun firinta da ko karkacewa ba su yi ba.

Shekara ashirin da shida yana buga wa mutane takardu a wannan shago, da manuniyar dama da ta hagu kawai, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Bai taɓa jin tsoron na'ura ba sai yau.

'Yarsa Auta ce ta jawo masa. Yarinyar nan ta gama karatun kwamfuta, maimakon ta nemi aiki kamar 'ya'yan mutane, sai ta ce shago za ta buɗe tana raya tsofaffin kwamfutoci da wani tsari na kyauta, wanda mutane daga ko'ina suka haɗa hannu suka gina, kowa yana iya leƙa cikinsa ya gyara. Shi kuwa a saninsa araha ma ba ta ado, balle kyauta. Ga ƙaninsa ya samo mata kujera a kamfanin fenti, gobe ake jiran amsarta.

Wata uku da suka wuce suka yi yarjejeniya. Za ta sa masa tsarin nata kusa da nasa na da, a kwamfuta ɗaya. Ya gwada nata na wuni guda. In ya ga abin kirki ne ya sa mata albarka, in ya ga shirme ne ta tafi fenti ba musu.

Ranar ta kwance bayan kwamfutar ta busa ƙura, ta yi 'yan danne-dannenta, ta shirya masa fuskokin biyu iri ɗaya don kada ya ɓata: hoton mahaifiyarta a tsakiya, takardunsa a hagu. Ta nuna masa cewa da an kunna, layi biyu za su fito a baƙin allo, kowane tsari da nasa layin, in ba a taɓa komai ba na sama zai buɗe da kansa.

"Baba, na saman nan..."

"Na gani, ai ba makaho ba ne," ya katse ta, don a lokacin mutum uku ke jiransa.

Tun daga ranar bai taɓa sauka layi na biyu ba, wanda a lissafinsa shi ne nata. Yakan kunna ya juya ya haɗa shayi, kafin ya motsa sukari komai ya buɗe. Busa ƙurar nan ta yi wa tsohuwar kwamfutarsa rana: ta daina nishi, ta daina sandarewa a tsakiyar wasiƙa, firinta ma ta bar taurin kai. Duk wanda ya shigo sai ya sha labari, ana nuna masa allo ana cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Gaskiyar magana ba raini ne ya hana shi gwajin ba, tsoro ne. Yana son yarinyar nan fiye da yadda yake iya faɗa, kuma ba ya ƙarya. In abin ya zama shirme, da bakinsa zai kashe mata buri. Amma rana ba ta ƙarya, yau ga ta ta zo.

Ya yi ta maza ya kunna. Layukan suka fito. Ya danna kibiyar ƙasa.

Fankar cikin kwamfutar ta fara kuka. Wata da'ira ta kama juyawa a allo, an rubuta kada a kashe, ana sabuntawa. Ya sha shayi ya ƙare, ya leƙa titi, ya dawo, da'ira na nan. Wani direba da ya zo a buga masa takardar neman aiki ya zauna har ya yi gyangyaɗi, ya farka ya karɓi takardarsa ya tsallaka shagon da ke fuskantarsu.

Da ƙyar hoton matarsa ya bayyana wajen azahar. Kafin ya buga layi ɗaya, saƙo ya faɗo kan saƙo: wannan ya ce wa'adi ya ƙare, wancan ya ce a sake kunnawa. Ya danna harafi, sai ya ɗauke yatsa sannan harafin ya iso. Ya tura wa firinta aiki, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Ya so ƙwarai ya samu abin yabo ko guda. Ya ƙara wa kwamfutar awa biyu, yana zagaye shagon kamar mai jiran haihuwa. Daga ƙarshe ya ɗauki waya ya kira Auta.

Auta ta iso da la'asar, jaka a kafaɗa. Bai iya kallon idonta ba, allon ya kalla.

"Na cika alkawari, Auta. Wuni guda na yi a layi na biyu. Wallahi ko maƙiyina ba zan sa wa wannan abu ba."

Ya ci gaba, idonsa na kan allon.

"Na saman kuwa, wata uku bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Wanda ya gina shi ya san aikinsa, irinsa ake riƙewa a ci abinci. Ki yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta."

Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa. Zuciyarsa ta karye, ya laluba aljihu yana neman hankici. Da ta ɗago, hawaye ne a idonta kuwa, amma haƙoranta duk a waje.

"Baba, na biyun shi ne naka na da. Wata uku ke nan a kan nawa kake aiki."