Ranar da Baba Ya Cika

Bayan la'asar Umair ya iske Bintu a zauren gidansu da ke Ƙofar Mazugal, kwana arba'in da rasuwar mahaifinta. Shi ne mai shirya manyan tarukan da ake haskawa kai tsaye a talabijin, kullum yana kan hanya.

"Bintu, ina so in turo magabatana."

 "Ranar da Baba ya cika, sau tara na kira ka."

"Muna tsaka da shiri ne, wayata a kashe take."

"Na sani. Talabijin ɗin asibitin a kunne yake, har sunanka na gani da aka gama." Ta miƙe, idanunta sun ciko. "Kada ka wahalar da dattawa, Umair. Na riga na saba da rashinka."