Ragon Kan Bango

Edna Capstick ta kama ɗan ragon ta haɓa, ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta sake shi da tsaki. Ƙafafu sun yi tsawo. Bayan kuma ya lotsa a tsakiya, kamar na ubansa, kamar na kakansa.

Ba rago ne na yarwa ba. Duk kwarinmu na Yorkshire, a ƙasar Ingila, babu mai irinsa. Sai dai Edna ba da ragunan maƙwabta take awo ba, da na bangon kicin ɗinta take yi.

Zane ne na fentin mai, ya tsufa har sararin samaniyar cikinsa ya koma launin shayi. Rago ɗaya tsaye a tsakiya: baya a shimfiɗe sumul, ƙirji da ƙugu faɗinsu ɗaya, ƙafafu gajeru a miƙe sak, kai ɗan mitsitsi. A kusurwa akwai sunan mai zanen, Silas Holdroyd. Tun Edna na yarinya ubanta ke nuna zanen da bakin lofensa, yana cewa wannan ne asalin irin tumakin kwarin nan kafin a gurɓata shi. Ta riƙe maganar kamar wasiyya.

Ta haura shekara talatin tana zaɓen rago da tunkiya don ta maido da irin. Idan ta samu gajerun ƙafafu, sai baya ya karkace. Idan baya ya miƙe, sai kai ya fito kamar na jaki. Alƙalan gasar dabbobi su miƙa mata jan ƙyallen na ɗaya, ta kawo gida ta goge murhu da shi.

Ɗanta Roland ya gaji. Gonar kuwa sunansa ke kanta tun rasuwar ubansa.

"Mama, gwiwoyinki sun ƙare, bayana ya kusa. Kasuwar kaka na zuwa zan sayar da garken."

"Ka fara sayar da uwarka, ta fi araha."

"Wa zai saya? Haƙora duk sun zube."

Da dariya ya faɗa, amma har ya yi magana da mai gwanjo. Edna ta san shi. Kan ubansa ya ɗauko, dutse.

Abu ɗaya ya rage mata. Manoman da, idan ragonsu ya ci gasa, mai zane suke nema ya ajiye musu shi a bango. Ashe ke nan ragon nan yana da gida. In ta gano gonar da Holdroyd ya zana shi, ba za a rasa jininsa a can ba. Rago ɗaya mai wannan jinin ya isa ta toshe bakin Roland.

Ta je gidan tarihi, wata yarinya mai tabarau ta ce mata an haifi mai zanen a garin Halifax, ɗan mai tsefe ulu ne a masaƙa, ya zana raguna ba iyaka, ya mutu a unguwar da aka haife shi. Gona fa? Ba su sani ba. Ta je coci, limamin ya ba ta shayi da haƙuri. Ganye ya fara faɗuwa. Roland ya fara shafa wa tumaki alamar kasuwa a kafaɗa, a gabanta, ko kunya babu.

Wani dillalin tsofaffin kaya ne a ƙarshe ya ce akwai jikar jikan Holdroyd, Mavis, tana nan a gidan gado.

Edna ta naɗe zanen a bargo, ta shiga bas cikin ruwan sama. Gidan siriri ne, a matse tsakanin matattun masaƙu, ko ciyawar da akuya za ta lasa babu a layin. Kujera ɗaya ce a falon, Mavis na kanta, ba ta da niyyar tashi. Edna ta ture jaridu daga wani guntun benci mai tsohon buzu a gindin taga, ta zauna, ta kwance bargon.

Mavis ta leƙa, ta kece da dariya har da tari.

"Wayyo, ga wani kuma! Namu ne, ba shakka."

"Ba dariya na zo ji ba, baiwar Allah. A wace gona ya zana shi?"

"Gona? Silas? Ƙawata, mutumin da fuka ke shaƙe shi in ya ji warin dabba? Ko kare bai taɓa shafawa ba. Manoma su aiko a gaya masa launin fuska da yanayin ƙaho, ya zana, a kai musu. Ba wanda ya taɓa maido da zane, tunda na bango ya fi na garke ƙiba."

Edna ta nuna zanen da yatsa.

"Kada ki raina min hankali. Na tsufa cikin tumaki. Wannan jikin ba daga ka aka ƙaga shi ba, wani abu ya kalla. Ina ya gan shi? Wa ke da jininsa?"

"Ya kalla mana, kullum, a ɗakin nan. Hasken tagar nan yake so." Mavis ta share hawayen dariya da gefen riga. "Jini kuwa sai ki tambayi kafintan da ya yi shi. Ɗaga kaɗan ki duba, ƙawata, a kansa kike zaune."